"An rubuta" ko "ya rubutu"? Matsalar tsara tafintan faifai a cibiyar Linux

0. Gabatarwa

Duk wanda ya ba kwamfuta umurnin ajiye aikinsa, ya ga ba ta nuna masa wani kuskure ba, yakan ɗauka cewa abin da ya rubuta ya shiga faifai ke nan. Sau da yawa bai shiga ba tukuna. Tsakanin lokacin da na'ura ta amsa cewa an rubuta da lokacin da rubutun ya zauna a inda ɗaukewar wuta ba ta iya shafe shi, akwai tazara wadda kan kai sakan 30, wani zubin ma ta wuce haka. A ƙasashen da wutar lantarki ba ta yankewa, tazarar ba ta cika damun kowa ba sai masu bankuna da manyan rumbunan bayanai. A Yamai ko Damagaram cikin bazara kuwa, ta shafi duk ɗalibin da ke rubuta kundinsa da duk malamin da ya tara sautukan da ya ɗauko daga ƙauyuka.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana, cikin Hausa, yadda ake tsara ɗan ɓangaren manhajar da ke tsaye a bakin wannan tazara, wato wanda ke magana da faifai kai tsaye. Mun ɗauki Linux a matsayin misali, ganin cewa rubutunsa a buɗe yake tun da Linus Torvalds ya fara fitar da shi a Helsinki a shekara ta 1991, kuma kowane gyara da aka yi masa yana nan da shekararsa. Abin da muke son nunawa shi ne, ko da yake an fi yin maganar sauri dangance da wannan aiki, babbar wahalarsa ta ma'ana ce: yaushe ne ya halatta a ce an gama?

1. Kalmomin aiki

Tsarin gudanarwa na kwamfuta yana da wani sashe wanda shi kaɗai ke da izinin taɓa kayan na'ura. Faransanci na kiransa "noyau". Fassarar kai tsaye ita ce ƙwallo, kamar ƙwallon mangwaro, amma wasan tamaula ya riga ya cinye wannan kalma, don haka muka zaɓi "cibiya". A cikin cibiya, kowace irin na'ura tana da ɗan manhajar da ta san yarenta. Faransanci ya ce "pilote", waɗanda suka yi karatu da Ingilishi kuma suna cewa direba. Dukkan sunayen biyu suna nuna mai tuƙi, alhali wannan manhaja ba ta zaɓen hanya ko wurin zuwa. Tana karɓar magana daga sama cikin yare guda, ta mayar da ita yaren na'urar da ke ƙasa, ta kuma komo da amsa. Wannan aikin tafinta ne, kuma da sunan za mu kira ta. Sunan yana da wani amfani na biyu: duk wanda ya ji labarin tafintocin kumandan a zamanin mulkin mallaka ya san cewa mai tsayawa tsakanin ɓangarori biyu da ba su jin juna yana da ikon da ya fi muƙaminsa.

Saura kalmomi uku. "Ƙwaƙwalwar aiki" ita ce ma'ajiyar da ke da sauri amma take mantuwa da zarar wuta ta ɗauke. "Gurbi" shi ne mafi ƙanƙantar yankin faifai da ake iya karantawa ko rubutawa a tashi ɗaya: bayit 512 a al'ada, ko 4096 a faifan da aka fara ƙerawa wajen 2010. "Zaure" kuma mun aro shi don duk wata ma'ajiyar wucin gadi inda kaya ke jira kafin a shigar da su ciki.

2. Abin da tafinta ke karɓa da abin da yake miƙawa

Rabon aikin da ake bi har yau ya samo asali daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakunan binciken Bell a Amurka a 1969. Unix ya kasa na'urori gida biyu: masu zubo haruffa ɗaya bayan ɗaya, kamar allon bugu, da masu ajiye bayanai a dunƙule, waɗanda ake iya neman kowane dunƙule da lambarsa. Ga wannan gida na biyu, cibiya tana da jadawali inda kowane tafinta ya rubuta ayyukansa kaɗan: buɗewa, rufewa, da wani guda wanda ake miƙa wa buƙata. Tsarin fayil, wanda ya san sunayen takardu da masu su, ba ya sanin ko wace irin na'ura ce a ƙasa. Shi kuma tafinta bai san fayil ba sam. Jimlar da yake karɓa iri ɗaya ce kullum, kuma ana iya rubuta ta kamar haka:

(1) Karanta (ko rubuta) gurbi kaza, daga gurbi mai lamba kaza, zuwa (ko daga) wuri kaza a ƙwaƙwalwar aiki.

Ƙarancin wannan nahawu shi ne ƙarfinsa. Da shi ne tsarin fayil guda ke aiki a kan faifai mai juyawa, da SSD, da ɗan makullin USB da ɗalibai ke yawo da shi a aljihu. Ko lambar gurbin ma tana da tarihi. A da ana faɗin wuri da abu uku, da'ira da allura da yanki, wato tafinta sai ya san siffar faifan. Daga baya aka koma ƙirga gurabe daga sifiri zuwa ƙarshe, aka bar wa faifan ya san inda kowane yake. Ƙa'idar ATA ta fara ware bit 28 don wannan lamba, abin da ya tsayar da girman faifai a gigabayit 137, sai da aka faɗaɗa ta zuwa bit 48 a farkon shekarun 2000.

A Linux, tun daga siga ta 2.6 da ta fito a Disamba 2003, buƙata tana saukowa cikin wani ƙunshi mai suna bio, wanda Jens Axboe, ɗan ƙasar Danmak, ya tsara. Ƙunshin yana ɗauke da lambar gurbin farko da jerin shafukan ƙwaƙwalwa, waɗanda ba dole ne su kasance maƙwabtan juna ba. Tafinta ba ya kwasar bayanan da hannunsa. Yana rubuta wa na'urar jerin adireshi, ya ce ta ɗiba ko ta zuba da kanta, furosesa kuma ya tafi wani aiki. In na'urar ta gama sai ta aika wata alama da ke tsayar da furosesa a tsakiyar abin da yake yi. Hausa tana da sunan wannan a shirye: katse hanzari. Kuma ladabin da ke tare da kalmar ya dace da dokar aikin, domin wanda ya katse hanzari ba ya doguwar magana. Tafinta a wannan hali ba shi da izinin jira ko barci. Yana karɓar amsa, ya sallami na'urar, ya ɗage sauran aikin zuwa lokacin da cibiya ta samu sarari.

3. Layi

Faifai mai juyawa na'ura ce ta ƙarfe, kuma jinkirinsa na ƙarfe ne. Wanda ke juyi 7200 a minti yana zagaye ɗaya cikin milisakan 8.3, saboda haka a matsakaici sai an jira rabin wannan kafin gurbin da ake nema ya iso ƙarƙashin allura. Kafin nan ita kanta allurar sai ta yi tafiya zuwa da'irar da ake so, wajen milisakan 8 ko 9. Jimla, buƙatun da ke warwatse ba su wuce 100 da ƴan kai a sakan guda. Furosesa mai bugu biliyon 3 a sakan yana yin bugu miliyon 30 a cikin milisakan 10 ɗin da allura ke tafiya sau ɗaya. Wannan rata ce ta sa masu tsara cibiya suka ga cewa duk lissafin da za a yi don rage tafiyar allura riba ne, kome yawansa.

Daga nan aka samu layi. Maimakon a miƙa kowace buƙata da zarar ta zo, sai a tsare ta kaɗan, a haɗe ta da maƙwabciyarta in lambobinsu na bin juna, a kuma jera sauran bisa lamba, yadda allura za ta share faifan daga gefe zuwa gefe tana sauke kowa a hanya. Mai motar da ya taso daga Maraɗi zuwa Yamai yakan sauke na Konni kafin na Doso, ko da na Doso ne ya fara biyan kuɗi. Aibin wannan dabara sananne ne: in buƙatu suka yi ta zuwa a yanki guda, wadda ke can nesa tana iya daɗewa ba a kai gare ta ba. Maganin da Linux ya kawo shi ne sa wa kowace buƙata wa'adi, milisakan 500 ga karatu, sakan 5 ga rubutu. Wadda wa'adinta ya cika sai a tsallake layi a biya ta. Bambancin lambobin nan biyu abin lura ne. Mai karatu yana tsaye yana jira, mai rubutu kuwa an riga an ce masa an rubuta ya tafi. Za mu komo kan wannan.

SSD ta rushe wannan lissafi. Ba ta da allura, gurbi na nesa da na kusa duk ɗaya ne a gare ta, kuma tana iya biyan buƙatu da yawa a lokaci guda. Sai jinkirin ya tashi daga na'ura ya koma cikin cibiya. Layin Linux guda ɗaya ne ga kowane faifai, da kuba guda da ke tsare shi, kuma duk zuciyar furosesa da ke son sa buƙata sai ta karɓi kubar. A wata maƙala ta 2013, Matias Bjørling da Jens Axboe da David Nellans da Philippe Bonnet sun auna abin, suka nuna cewa tsohon tsarin yana tsayawa wajen buƙata miliyon 1 a sakan, ko an ƙara zukata nawa, domin zukatan suna ɓata lokacinsu wajen ƙwace kubar daga juna. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Tsarin da suka kawo, mai suna blk-mq, ya ba kowace zuciya layinta, sannan ya haɗa waɗannan da layukan da na'urar kanta ke da su. Ya shiga Linux 3.13 a Janairu 2014, kuma a siga ta 5.0, a Maris 2019, aka cire tsohon baki ɗaya.

A ɓangaren na'ura ma an sake yare. AHCI, wanda faifan SATA ke amfani da shi, yana da layi ɗaya mai ɗaukar umurni 32. Ƙa'idar NVMe, da ta fito a 2011, ta yarda da layuka har 65,535, kowane da zurfin umurni har 65,536. Layukan suna zaune a ƙwaƙwalwar aiki, bibbiyu: na miƙawa da na amsa. Tafinta yana rubuta umurni a na farko, ya buga ƙararrawa, wato ya rubuta lamba a wani wuri na musamman a jikin na'urar, ita kuma ta zo ta ɗauka. Akwai tarko a nan, domin furosesa na zamani yana da ƴancin sauya jerin rubuce-rubucensa don sauri. In tafinta bai sa shinge tsakanin umurnin da ƙararrawar ba, na'ura tana iya zuwa ta tarar da rabin jimla. Layin amsa kuma zobe ne, ana zagayowa ana rubutu a kan tsofaffin amsoshi. Yaya tafinta zai gane sabuwa? Kowace amsa tana da bit guda wanda na'ura ke juyawa a kowane zagaye: in a wannan zagaye 1 ne, a na gaba 0 ne. Bit ɗin ba shi da ma'ana a kan kansa, sai ta bambancinsa da na zagayen baya, abin da ba zai ba ɗalibin ilimin sauti mamaki ba.

Tun da amsoshi na iya komowa ba bisa jerin da aka aika ba, kowace buƙata tana ɗauke da lambar shaida. Wannan ƴanci na sauya jeri shi ne tushen saurin, shi ne kuma tushen matsalar da ke tafe.

4. Zaure biyu da ma'anar kammalawa

A duba waɗannan jimloli:

(2) a. An karɓi saƙon.
b. An rubuta saƙon.
c. Saƙon ya rubutu.

Dukkansu suna cikin shuɗaɗɗen lokaci, amma ba abu guda suke tabbatarwa ba. Ta (2a) ta tsaya ga miƙawa. Ta (2b) ta ce an yi aikin. Ta (2c), mai aikatau na aji 7 a rabon da Parsons ya yi a 1960, ba ta damu da mai aikin ba. Tana magana a kan halin da abin ya shiga, cewa aikin ya kama shi sosai. Mai amfani da kwamfuta (2c) yake nufi. Abin da ake ba shi sau da yawa (2a) ce, sanye da rigar (2b).

Dalili shi ne akwai zaure biyu a hanya. Na farko na cibiya ne. In manhaja ta ce a rubuta, Linux yana kwafe bayanan cikin ƙwaƙwalwar aiki, ya sa musu alamar cewa ba su sauka ba, ya amsa nan take. Wani ma'aikacin cibiya yana farkawa kowane sakan 5, ya tura wa tafinta shafukan da suka kai sakan 30 suna jira. Wannan ba ha'inci ba ne, an faɗe shi a ƙa'ida, kuma manhajar da ke son tabbaci tana da kiran da za ta yi, mai suna fsync, wanda ba ya komowa sai bayanan sun sauka. Zaure na biyu yana cikin faifan kansa. Kusan kowane faifai yana da ƴar ƙwaƙwalwa mai mantuwa, kuma yakan amsa wa tafinta cewa ya gama da zarar bayanai sun shiga cikinta, sannan ya shigar da su ciki a lokacin da ya ga dama, bisa jerin da ya ga dama.

Jerin shi ne abin tsoro, fiye da jinkirin. Tsarin fayil irin ext4 yana kare kansa da littafin rajista: kafin ya taɓa ainihin wurin, yana rubuta a rajista duk abin da yake shirin sauyawa, sannan ya rubuta gurbi guda na hatimi mai cewa wannan shiri ya cika. In wuta ta ɗauke, da an tashi sai a duba: shirin da ke da hatimi a zartar da shi, wanda ba shi da shi a yar. Dabarar tana tsaye ne a kan sharaɗi ɗaya, cewa hatimi ba zai riga abin da ya hatimce sauka ba. In faifai ya sauya jeri a zaurensa, ya shigar da hatimin, wuta ta ɗauke kafin sauran, to za a tashi a tarar da hatimi na gaskiya a kan takardar da ba a gama ba, a kuma zartar da shara a kan bayanai masu kyau. Asarar rabin minti na aiki abu ne mai sauƙi. Wannan kuwa yana iya lalata fayilolin da aka ajiye tun bara.

Saboda haka yaren faifai yake da kalmomi biyu na musamman. Ta farko umurni ce ta share zaure: duk abin da ka riga ka ce ka gama, shigar da shi ciki, kada ka amsa sai ka yi. ATA da SCSI da NVMe kowace tana da irin nata. Ta biyu alama ce da ake liƙa wa rubutu guda, ana taƙaita sunanta FUA, mai nufin wannan kam kada ka amsa sai ya rubutu. Da su ext4 ke gina jimlarsa: a rubuta rajista, a jira amsoshi, a share zaure, sannan a aika hatimi da alamar FUA.

Yadda Linux ya iso ga wannan tsari yana da darasi ga mai tsarawa. A shekarun 2000 an yi amfani da abin da aka kira shinge: buƙata ta musamman wadda ke tilasta a tsayar da layi duka, a jira duk abin da ke gaba ya ƙare, a share zaure, a rubuta, a sake sharewa, sannan a buɗe layi. Amintacce ne, amma yana da nauyi ƙwarai, har masu kula da na'urori da yawa suka riƙa kashe shi, kuma ext3 bai kunna shi da kansa ba sai a siga ta 3.1, a 2011. Kariyar da mutane ke kashewa ba ta kare kowa. A 2010 Tejun Heo da Christoph Hellwig suka sake ginin, ya fito a siga ta 2.6.37. Sun lura cewa tsarin fayil ya riga ya san waɗanne rubuce-rubuce ne suka dogara da juna, kuma yana iya jiran amsarsu da kansa. Ba ya buƙatar a tsayar masa da duniya. Sai aka raba abu biyu da aka cakuɗa: kula da jeri ya koma wuyan tsarin fayil, tabbatar da sauka ya zauna wuyan tafinta da faifai. A ganinmu wannan gyara ya fi blk-mq muhimmanci, ko da yake bai kai shi suna ba.

Nauyin da ya rage wa tafinta ƙarami ne a rubuce. Lokacin da ya gano na'ura, dole ya shaida wa cibiya abu biyu: ko tana da zaure mai mantuwa, da ko ta san FUA. In ba ta san FUA ba, cibiya tana cike gurbin da kanta, ta aika rubutu sannan ta bi shi da umurnin shara. Amma in tafinta ya ce babu zaure, cibiya tana amsa duk umurnin shara da kanta ba tare da ta aika shi ƙasa ba. Kuskure a wannan layi guda ba ya bayyana a kowane gwaji na yau da kullum. Na'urar ma sai ta fi sauri, kowa ya yaba. Ba a ganinsa sai ranar da wuta ta ɗauke a daidai sakan ɗin da bai kamata ba.

Ko tafinta ya yi gaskiya, saura na'urar. A 2013 masu bincike daga jami'ar jihar Ohayo da ɗakunan binciken HP sun gwada SSD 15 ta hanyar yanke musu wuta suna cikin rubutu. Guda 13 sun nuna ɓarna: gurbin da aka rubuta rabi, rubutun da aka ce ya sauka amma ya ɓace, har da wadda ta daina aiki ɗungum. SSD ɗin da ake sayar wa manyan ma'aikatu suna da ƴan ma'ajiyar caji da ke ba su isasshen lokaci su kwashe zaurensu in wuta ta yanke. Irin waɗannan suna iya cewa ba su da zaure mai mantuwa, kuma gaskiya suka faɗa. Na kasuwa masu araha galibi ba su da wannan.

5. In amsa ba ta zo ba, ko ta zo da mugun labari

Mafi yawan rubutun tafinta nagari ba a kan hanyar lafiya yake ba. Kowace buƙata tana da agogo, sakan 30 a al'adar faifan SCSI da SATA. In ya cika ba amsa, ana hawa matakala: a soke umurnin, in bai yiwu ba a sake tada na'urar, sannan hanyar da take kai, sannan katin da ke riƙe da hanyar, daga ƙarshe a ayyana ta a matsayin matacciya. Wurin da ya fi santsi shi ne inda amsa ta iso daidai lokacin da agogo ya buga. In ɓangarorin biyu suka kammala buƙata guda, za a saki shafin ƙwaƙwalwa sau biyu; in kuma an sake shi alhali na'ura ba ta daina zuba bayanai a ciki ba, za ta rubuta a kan kayan wani.

Akwai kuma wani ƙulli da ya keɓanta ga tafintan faifai. In ƙwaƙwalwar aiki ta cika, hanyar samun wuri ita ce a tura shafukan da ke jira zuwa faifai. Turawar tana bi ta hannun tafinta. In shi kuma ya nemi ƙwaƙwalwa don ya yi aikin, cibiya za ta ce ya jira a samu wuri, wurin da ba zai samu ba sai shi ya gama. Don haka ake hana shi roƙo irin na kowa a kan hanyar rubutu, ake kuma sa shi ya ware ɗan tanadi tun farko, wanda zai isa a tura aƙalla buƙata ɗaya kome tsanani.

In faifai ya ce ya kasa, wa za a gaya wa? Manhajar da ta yi rubutun an sallame ta tun sakan 30 da suka wuce. A 2018 masu rumbun bayanai na PostgreSQL suka gano cewa sun shekara da shekaru suna fahimtar fsync ba daidai ba. In saukarwa ta kasa, Linux yana ba da labarin kuskuren sau ɗaya, amma yana iya cire wa shafukan alamar jira. PostgreSQL yakan sake kiran fsync, kiran na biyu ya tarar babu abin da ke jira, ya amsa lafiya lau. Su suna jin "duk abin da ka rubuta ya sauka", cibiya kuwa tana nufin "babu sabon kuskure tun tambayarka ta baya". Kowane ɓangare yana da hujja a nassin ƙa'idar POSIX, wadda ba ta fayyace halin da shafukan ke ciki bayan kuskure ba. Tun daga sigogin Fabrairu 2019, PostgreSQL yana tsayawa cak da zarar fsync ya kasa, ya sake gina aikinsa daga rajistarsa.

Game da yawan kurakuran tafintoci, wani bincike na jami'ar Stanford a 2001 ya samu cewa a Linux sun ninka na sauran sassan cibiya sau 3 zuwa 7. Bayan shekara goma, ƙungiyar Julia Lawall da Gilles Muller a Faransa ta maimaita awon da manhajarsu Coccinelle, ta tarar adadin ya sauka har tafintoci ba su ne kan gaba ba. Sai dai irin wannan awo yana kama kuskuren da ke cikin rubutun manhaja ne kaɗai. Na'urar da ke faɗin abin da ba ta yi, ba a gano ta sai a hannun masu amfani. Shi ya sa tafintan SATA na Linux yake ɗauke da wani dogon jadawali na sunayen faifai, kowane da abin da ba za a yarda da shi a kai ba: wannan ya ce ya iya layin umurni 32 amma yana rikicewa, wancan, kamar Crucial M500, yana ɓata bayanai in an sa umurnin goge gurabe cikin layi. Tafinta yana tambayar faifai sunansa da lambar manhajar da ke cikinsa, ya duba jadawalin, in ya same shi a ciki sai ya ƙi amfani da abin da faifan ya ce ya iya. Ana ƙara suna a jadawalin ne bayan wani ya kai ƙara, galibi bayan ya riga ya yi asarar bayanansa.